Babbar Rigar Alhaji Gariba

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku, wanda Ya bar ni da rai har nake ba da labarin abin da idona ya gani a ruwan Doha, a shekarar da aka yi gasar ƙwallon duniya a can.

Ni da Alhaji Gariba tare muka taso a zangon Kumasi. A gaban malami ɗaya muka yi karatu, kuma har muka yi furfura a sahu ɗaya muke salla. 'Yarsa Zalihatu tana aiki a wata makarantar yara a unguwar Garrafa ta ƙasar Katar, kuma a Doha ta haɗu da Mumin, ɗan zangon Tamale, ma'aikaci a ɗaya daga cikin jiragen katakon da ke yawo da baƙi a bakin teku. Aurensu ya faɗo a tsakiyar annobar korona, lokacin da aka rufe filayen jiragen sama aka hana taro. Ni na ɗaura shi a zauren Gariba, mu 'yan kaɗan, kowa da takunkumi a fuska, ango da amarya suna saurare ta waya. Haka abokina ya ba da 'yarsa ga mutumin da bai taɓa zama da shi ba. Sai da gasar ta zo aka buɗe ƙasar ga baƙi, yaran suka nema mana izinin shiga, muka tafi.

Tun a filin jirgi Mumin ya nuna irin gidan da ya fito. Ya tuɓe takalmi a kan wannan daɓe mai ƙyalli, ya durƙusa ya gaida surukinsa, jama'a suna ratse shi da akwatunansu. A gidansu na unguwar Rayyan, ɗan ƙaramin gida ne, amma bai taɓa cin abinci inda Gariba yake ba. In Gariba ya shigo falo, shi sai ya fice. In yana da magana, ni yake gaya wa, ko da kuwa surukin nasa yana zaune kusa da ni.

"Malam, a gaya wa Baba mota ta iso."

Gariba kuma ya dube ni ya ce, "Abdul-Hakim, a ce masa mun gode."

Abin yana yi wa Gariba daɗi ƙwarai. Kullum sai ya ce mini, "Ka ga yaron nan? Duk zaman da ya yi cikin Larabawa da Turawa bai zubar da kunya ba."

Washegarin ranar da Gana ta ci Koriya, Mumin ya roƙi kafil ɗinsa, wato mai jirgin da yake wa aiki, ya ba shi jirgin na yini guda don ya kai surukinsa wani tsibiri da ke gaban birnin. Da safe na ga Gariba ya buɗe akwati ya fito da babbar riga ta farar shadda, wadda aka cika wuyanta da ƙirjinta da aiki mai nauyi. Na san rigar. Ita ya ɗinka don walimar auren Zalihatu, annoba ta hana walimar, ya ninke ta ya ajiye bai taɓa sa ta ba.

Na ce, "Gariba, teku za mu, ba ɗaurin aure ba."

Ya ce, "Yau ce walimar. Kai dai ka tafi da jallabiyarka kamar mai sayar da dabino."

A cikin jirgin akwai mu biyu, da Zalihatu, da ƙawarta Liatu, wata ma'aikaciyar jinya Kirista 'yar Filato mai yawan barkwanci, sai wasu samari 'yan zango abokan Mumin da suka zo da gangarsu ta filin wasa. Matuƙin jirgin wani dattijo ne Ba'omane, siriri, mai jan gemu. Kafin a tashi, Mumin ya ɗauko rigunan ceto, waɗanda ke hana mutum nutsewa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sa mana, yana jan maɗaurin da hannunsa har sai ya matse. Aikinsa ne, kuma ba ya barin kowa ya ɗaura da kansa. Da ya iso gaban Gariba sai ya tsaya. Ya durƙusa, ya ajiye rigar a kan benci, idonsa a ƙasa.

"Malam, a gaya wa Baba ga tasa."

Gariba ya ɗaga ta ya duba. Ba za ta shiga a kan babbar riga ba, sai dai ya tuɓe, ga kuma suruki, ga mata. Ya tura ta bayansa ya jingina da ita kamar matashi.

Liatu ta ce, "Baba, kifayen nan fa ba su san shadda ba. Ba wanda zai tashi ya ba ka wuri."

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ki bar ni in shiga hoto da mutuncina. Ke dai ki ji da allurarki."

Matuƙin ya nuna shi da haɓa ya yi wa Mumin magana da Larabci. Mumin ya amsa masa cewa zai sa, zai sa. Muka karanta addu'ar hawa jirgi, aka kunna inji.

Da yake ina jin Larabci, sai na je na zauna kusa da matuƙin. Ruwa kwance yake, dogayen gine-ginen birnin suna ja da baya, samari suna kiɗa suna kiran sunayen 'yan wasa. Na yaba masa kyawun tekun. Sai ya nuna mini wani wuri da launin ruwan ya koɗe ya yi fari-fari.

Ya ce, "Ka ga can, ya Shaihu? Muna kiransa fasht. Dutsen murjani ne kwance a ƙarƙashin ruwa, kaifinsa kamar zarto. A wannan gaɓar ba zurfi ne yake cinye jirage ba, rashin zurfin ne. Tun daga nan har ƙuryar arewa ƙasusuwan jirage ne a shimfiɗe."

Sai ya ba ni labarin shekarar da suke kira shekarar nutsewa, kusan ƙarni guda da ya wuce, lokacin da guguwa ta faɗa wa jiragen masu nutso neman lu'ulu'u ta hallaka jama'a masu yawa. Ya ce kakansa yana cikin waɗanda suka tsira, ya yini rungume da wani katako har wani jirgi ya tsince shi. Kakan yakan ce masu nutso da ba su da komai a jiki sai ɗan bante sun fi tsira, amma attajirin da ke jirginsu alkyabbarsa ce ta ja shi ƙasa, shi kakan yana kallo.

Na koma na fassara wa Gariba, ban rage komai ba. Ya shafa aikin ƙirjin rigarsa ya ce, "Allah Ya jiƙansu. Kwanansu ne ya ƙare."

Muka yi azahar a tsibirin, muka ci wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Gana, da Zalihatu ta dafo. Muna cikin wanke hannu iska ta juya. Ba ta zo da hadari ba, sama fes take, sai dai wani sanyi da ya taso daga arewa yana yi mana fito a kunne. Matuƙin ya miƙe yana tafa hannu.

"Shamal ce, iskar arewa! Yalla, yalla, kowa ya shiga!"

Ba mu yi rabin hanya ba teku ya canza kama. Ruwan da yake kore ɗazu ya koma toka-toka, kumfa tana tashi a kan kowace igiya. Jirgin yana hawa yana faɗawa, ganga ta gangara ƙarƙashin benci ba wanda ya bi ta. Can sai muka ji injin ya yi wani gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Mumin ya leƙa ta baya ya dawo fuskarsa a sauye. Wata tsohuwar igiyar masunta ce ta naɗe farfelar da ke tura jirgin. Suka jefa anga, ƙarfen nan da ke kafe jirgi wuri ɗaya, amma iska ta fi ƙarfinta, muna jin ta tana jan ƙasa tana tsalle. Na duba gefen da iska ke tura mu, sai na ga wannan farin ruwan yana matsowa.

Matuƙin ya ɗauki rediyo yana kiran masu tsaron gaɓar teku, yana faɗin inda muke, yana maimaitawa. Bai ajiye ta ba muka bugu.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kamar an kama wata babbar bishiya ana tsaga ta daga saiwa. Duk muka zube. Jirgin ya karkata gefe guda ya tsaya, kowace igiya ta zo sai ta ɗaga shi ta sake maka shi a kan dutsen. Ta ƙofar ɗakin inji na hango ruwa yana ɓulɓulowa tsakanin katakai. Zalihatu tana salati da ƙarfi, Liatu ta riƙe ta tana kiran sunan Yesu, samarin nan da suka cika teku da ihu ɗazu kowa ya yi tsit ya ƙanƙame ƙarfe.

Allah cikin rahamarSa Ya sa jirgin ceto bai yi nisa ba. Amma da ya iso bai iya matsowa ba, don shi ma dutsen zai farke shi. Ya tsaya can nesa ya sauke wani kwalekwalen roba mai inji, da ma'aikata biyu a ciki. Shi ma kwalekwalen bai iya manne mana ba, saboda jirginmu yana jijjiga zai iya danne shi. Suka tsaya ɗan nesa, suka jefo zobe ɗaure da igiya. Ɗayansu ya yi magana ta lasifika, da Larabci sannan da Turanci: kowa zai sauka cikin ruwa ya rungumi zoben su ja shi, mata ne farko, kuma kada wanda ya taɓa ruwa ba rigar ceto a jikinsa.

Zalihatu ta rarrafo gaban mahaifinta. "Baba, don girman Allah ka cire rigar nan ka sa jaket. Ba zan tafi in bar ka haka ba."

Ya ce, "Tashi ki wuce."

"Baba..."

"Umarni nake ba ki, Zalihatu."

Liatu ta fizge ta. "Zo mu tafi, ai saboda mu yake noƙewa. In mun bar wurin zai cire." Ta juyo ta nuna Mumin da yatsa. "Kai kuma ango, in ka tsaya kana sunkuyar da kai, ni da kai ne a tudu."

Mumin ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, sannan samarin. Duk wanda ya faɗa ruwan sai igiya ta rufe shi, sai mu ga rigar ceto mai ruwan lemo ta ɓullo da shi, a ja shi. Kwalekwalen ya cika, ya kai su babban jirgi, ya juyo. Saura mu huɗu: ni, da Gariba, da Mumin, da matuƙin. Ruwa ya riga ya hau kan daɓen jirgin ta gefen da ya karkata, yana lasar ƙafar benci.

Mumin ya matso, yana riƙe da rigar ceton surukinsa. Tsakaninsa da Gariba bai fi miƙa hannu ba, amma ni ya kalla.

"Malam, a gaya wa Baba jirgin nan ba zai ƙara jure bugu da yawa ba. A gaya masa shadda in ta sha ruwa ta fi buhun siminti nauyi. A roƙe shi, Malam."

Na dubi abokina. Ya ƙanƙame ƙarfen gefen jirgi da hannu biyu, ya ƙi kallon ruwan. A nan na gane ba kunya kaɗai ke riƙe da shi ba. Mutum ne da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, kuma rigar nan ita ce abu na ƙarshe da ya rage masa na tudu.

Ya ce a hankali, "Abdul-Hakim, in tafiyar ce ta zo, bari in tafi da suturata."

Na ce, "Ba a kai kowa gaban Allah da shadda, Gariba, kai ma ka sani, ka wanke gawa ka sa likkafani ba sau ɗaya ba. Ran nan amana ce a hannunka, ba naka ba ne da za ka jefar don kada yaro ya ga singiletinka. Kunya ado ce ta addini, amma inda rai yake cikin haɗari shari'a ta ɗauke ta. 'Yarka tana can tana kallo. Ka cire."

Wata igiya ta bugo, wani katako ya ɓalle daga gaban jirgin ya tafi. Matuƙin ya daka tsawa, "Halas, ya hajji, halas!" wato ya isa haka.

Gariba ya rufe ido, leɓensa ya motsa. Sannan ya ce, "To. Amma a ce masa ya juya baya."

Ban ma faɗa ba Mumin ya juya, ya fuskanci teku, ya ba surukinsa baya kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Da yana kallo, da ya hana shi miƙewa, da ya hana shi sakin ƙarfe. Gariba ya miƙe tsaye a kan daɓen da ya karkata, ya saki ƙarfen da hannu biyu, ya tattaro rigar ya ɗaga ta sama. Kansa da hannayensa suna cikinta igiyar ta zo.

Jirgin ya ɗaga ya faɗi. Na miƙa hannu, yatsuna suka shafi shadda, ta sulluɓe. Gariba ya tafi ta kan ƙarfen ba tare da ya yi ko ƙara ba.

"Innalillahi! Mumin!"

Ya juyo. A kan ruwa babu mutum, sai farar riga ta baje kamar an shanya ta, iska ta kumbura tsakiyarta. Muna kallo kumburin ya sace, aikin wuyan ya fara yin ƙasa, yana jan sauran.

Mumin ya zaro wuƙar yankan igiya daga ƙugunsa ya faɗa. Rigar cetonsa ta dawo da shi sama, ta hana shi nutsawa. Ya ɓalle maɗaurinta ya yar da ita, ya ja numfashi ya nutse. Daga babban jirgi ina jin muryar Zalihatu tana ratso iska. Kwalekwalen roba yana ƙoƙarin zagayowa, amma ba su iya kusantar wurin da inji a kunne ba, don kada farfelarsu ta sare mutanen da ke ƙasa. Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Na san dai na kira Allah da duk sunan da na sani, na sake farowa.

Wani tsagin shadda ya taso shi kaɗai. Wani ya biyo shi. Sai kawuna biyu suka ɓullo tare.

Gariba ya fito a makance, ya rungume wuyan Mumin da hannu biyu, ya hau kansa kamar yadda mai nutsewa yake yi, suka koma ƙasa. Suka sake tasowa, Mumin yana tari, surukinsa yana danne shi. A nan na ji abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakin yaron nan ba.

"Gariba! Sake ni! Sake ni, na ce, za ka kashe mu!"

Ya buge masa hannu da gwiwar hannunsa, ya murɗe shi ya juya shi rigingine, ya sa hannu ƙarƙashin haɓarsa ya damƙi gemun, ya ɗaga fuskar sama. Zoben ya faɗo kusa da su. Igiya ta kwashe shi. Aka sake jefowa, Mumin ya zura hannu ɗaya a ciki, aka ja su, Gariba yana biye kamar ragon da aka kama.

Bayan sun kai su ne suka dawo suka ɗauke ni, matuƙin ya sauko a ƙarshe. Ba mu kai babban jirgi ba muka ji namu ya tsage a bayanmu. Dattijon bai waiwaya ba.

Na tarar da Gariba kwance a gefensa, Liatu a durƙushe kansa tana bubbuga bayansa, yana amayar da ruwan gishiri. Ta ɗaga kai ta ce mini, "Yana nan, Malam. Tsohon nan taurin kansa ma ba zai bar shi ya mutu ba." Tana faɗa hawaye yana zuba a fuskarta.

Jirgin ceto ya juya ya nufi Doha. Aka zaunar da Gariba aka lulluɓe shi da wani bargo mai ƙyalli, ba hula, daga shi sai singileti da wando, Zalihatu tana riƙe da ƙafarsa. Mumin ya tafi can ƙarshen jirgin ya zauna a ƙasa, ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Murjani ya yanke masa dantse, jini yana bin hannunsa, amma ya ƙi bari Liatu ta duba, don kada ya ratsa ta gaban mutumin da ya kira da sunansa, ya buga, ya ja da gemu a gaban 'yarsa.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya zo da rigar ceto ya miƙa wa Gariba, ya ce doka ce, kowa zai sa har a isa tasha. Gariba ya karɓa ya riƙe ta a cinyarsa, yana jujjuya maɗaurin. Ya daɗe yana kallon ƙarshen jirgin.

"Abdul-Hakim," in ji shi, muryarsa a dishe, "a gaya wa yaron nan..."

Bai ƙarasa saƙon ba.

Ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za ta rinjayi ƙarar inji. "Mumin."

Yaron ya ɗago a firgice.

"Zo nan, ɗana. Ban iya ɗaura wannan abin ba."

Mumin ya taso yana tangaɗi, ya zo zai durƙusa daga nesa. Gariba ya ture bargon daga kafaɗarsa, ya ɗaga hannayensa biyu sama. Mumin ya zura masa rigar, ya zagaya da maɗaurin ta bayansa, ya haɗa, ya ja kaɗan, har yanzu idonsa a ƙasa.

Gariba ya ce, "Haka ka yi wa sauran? Ƙara matsewa."

Ya ƙara. Sannan Gariba ya kama dantsen da ke zubar da jini ya miƙa wa Liatu, bai sake shi ba har ta gama ɗaurewa. La'asar ta riga ta yi, muka yi ta a zaune a inda muke, kafaɗar Mumin tana jikin ta surukinsa.